Dan Allah matafiya a daina barin layin gida a baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina yi maka fatan alheri, kai da duk ma'aikatan wannan jarida. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda mutane ke fita ƙasar waje ba tare da sun shirya wayarsu ba. Mutum zai yi wata da watanni yana zirga-zirgar fasfo da biza da tikiti, ya auna jaka ya sake aunawa kar kilo ya wuce, ya bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama, amma wayar da ke aljihunsa wadda a cikinta kuɗinsa da lambobin mutanensa da hotunan takardunsa suke ko minti goma ba zai ba ta ba, sai jirgi ya sauka ya kunna ya ga babu sabis sannan hankali ya tashi. Kuma abin bai tsaya kan wanda bai yi boko ba, har ɗalibai masu tafiya ƙaro karatu da 'yan kasuwa da masu raka mara lafiya asibiti duk suna faɗawa.

Abin da na fi so a ji daga wannan wasiƙa shi ne maganar layin gida, wato sim ɗin da mutum ya daɗe yana amfani da shi. Da yawa suna ɗauka tunda za su sayi sabon layi a can toh na gida ya gama aiki, wani ya cire ya jefa a durowa, wani ya bar wa ƙaninsa ko matarsa wai a riƙa amsa masa kira. Alhali a zamanin nan layin nan shi ne mabuɗin ɗakin da ka tara komai naka. Banki da shi ya san ka, in za ka tura kuɗi ko ka biya da kati a intanet ta nan OTP, wato lambar tabbaci da banki ke turowa, zai shigo, Gmail ɗinka da Facebook da WhatsApp duk da shi ka buɗe su. Kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, ranar da ka bar ƙasarka ita ce ranar da waɗannan kamfanoni suka fi zarginka, saboda na'urarsu ta ga an shiga akawun ɗinka daga wata ƙasa da ba ta saba ganinka ba, sai ta ce tabbatar mana kai ne, mun tura lamba zuwa layinka. Layin kuwa yana can a durowa. Ga ka a gaban mai otal, kuɗi na cikin akawun amma ba halin taɓawa, ga dare ya yi, ga harshen da ba ka ji. Wallahi na ga dattijon da haka ta faru da shi, baffan wani abokina ne da aka kai aikin ido, kuɗin aikin na nan cif amma sai da aka kwana ana buga waya gida a nemo sim ɗin a saka a wata waya a riƙa karanto lambobi kafin lokacinsu ya ƙare, kuma kowa ya san lambar OTP 'yan mintuna kaɗan take yi ta mutu.

Saboda haka shawarata a tafi da layin gida, a bar shi a cikin waya, amma a tabbatar an kunna masa romin, wato tsarin da ke sa layi ya yi aiki a wata ƙasa, tun ana gida. Wasu kamfanonin yana kunne da kansa, wasu kuma sai ka nema ko ka danna wasu lambobi, kuma tun kana gida ya kamata ka tambaya domin in ka fita gajerun lambobin nan na kiran kamfani ba lallai su shiga ba. A yawancin kamfanoni karɓar tes, wato rubutaccen saƙon waya, kyauta ne ko kana romin, kaga ke nan saƙon banki zai riƙa shigowa ba tare da an ci maka ko sisi ba, amma duk da haka a tambaya a ji daga bakinsu. Wanda kuma zai daɗe, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, ya sani kamfanoni suna kashe layin da ya yi watanni ba a yi komai da shi ba, bayan wani lokaci su sake sayar da lambar ga wani. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, domin sabon mai lambar shi zai riƙa karɓar saƙonnin da ake turo maka, in mugu ne har WhatsApp ɗinka zai iya buɗewa da ita ya hau roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. Sai a riƙa ɗan saka kati ana tura tes ko da sau ɗaya ne lokaci zuwa lokaci don layin ya zauna da rai.

Toh amma romin ɗin nan shi ma sai an san yadda yake aiki, in ba haka ba shi ne zai kwashe kuɗin. Idan ka sauka wata ƙasa kamfaninka ba shi da eriya a can, wayarka sai ta kama ta wani kamfani na ƙasar, shi kuma ya tambayi kamfaninka na gida ko ya san wannan sim ɗin, in an ce eh kuma akwai yarjejeniya tsakaninsu sai ya ba ka sabis, daga baya ya tura wa kamfaninka lissafi, kamfaninka ya ɗora ribarsa ya cira a jikinka. Tun asali ma don haka aka ƙirƙiro tsarin GSM a Turai, don waya ɗaya ta yi aiki in an tsallaka iyaka, a Finlan aka yi kiran farko da shi a 1991. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne a romin har amsa kira ana biya. Dalili kuwa, wanda ya kira ka lambar gida ya buga, kuɗin kiran gida kawai zai biya, kiran sai ya fara zuwa kamfaninka sannan a tura shi ƙetare inda kake, toh wannan zangon na biyu kai ne za ka biya shi. Sai ka ga mutum ya sauka 'yan uwa suna ta kira ana barka da sauka, ya hanya, ya gajiya, yana ta amsawa da murna, kafin magariba katinsa ya ƙare tas bai kira kowa ba.

Akwai kuma tarkon saƙon murya da ba kowa ya san shi ba. In an kira ka ba ka ɗauka ba, a wasu kamfanonin kiran ya riga ya ƙetaro zuwa inda kake, sannan a mayar da shi gida zuwa akwatin saƙon muryarka, kaga ana iya cajinka zuwa da dawowa a kan kiran da ko jin ƙararsa ba ka yi ba. Gara a kashe shi kafin a tashi.

Data kuwa ita ce babbar mai cin kuɗi, kuma ba sai ka taɓa wayar ba. Da zarar ta samu intanet za ta hau sabunta manhajoji, ta hau tura hotunan da ka ɗauka a filin jirgi zuwa Google Photos ko iCloud, WhatsApp ya hau sauke duk bidiyon da aka zuba a guruf-guruf tun lokacin da kake sama, duk wannan da farashin romin wanda ake lissafawa megabait-megabait. Mai layin kati da sauƙi, in kuɗin ya ƙare shikenan an yanke. Mai layin da ake biya ƙarshen wata shi ne abin tausayi, don lissafin kamfanin waje wani lokaci yana yin kwanaki kafin ya iso, yana can yana ganin komai lafiya sai ya dawo a miƙo masa takardar da za ta sa shi zufa. Maganin abu ne na daƙiƙa biyar, a shiga setin, wajen netwok, a kashe data romin a kan layin gida tun kafin a hau jirgi. Kashe data romin ba ya hana tes shigowa, wannan a riƙe shi da kyau domin wasu suna tsoron in sun kashe saƙon banki ba zai zo ba, sam ba haka ba ne. A kuma kula da jirgin ruwa da wasu jiragen sama masu sabis ɗin waya a ciki, ta tauraron ɗan adam suke bi, farashinsu daban ne kuma yawanci ba ya cikin kowane bandir da ka saya. Haka mai tafiya ta mota kusa da iyakar ƙasa, waya na iya tsallakawa ta kama eriyar maƙwabta tun ƙafarsa ba ta tsallaka ba.

In an kashe data a layin gida, da me za a yi intanet? Da layin ƙasar da aka je, shi ya fi araha kusan ko'ina. Alhamdu lillahi wayoyi da yawa yanzu sim biyu suke ɗauka, sai na gida ya zauna don tes, na can ya ɗauki data da kira. A dai san cewa kowace ƙasa da dokarta wajen sayar wa baƙo layi, a Ingila za ka iya shiga shago ka saya ba a tambaye ka komai ba, a Saudiyya sai da fasfo da hoton yatsa, a Indiya ma sai an ga fasfo da biza. Kuma dan Allah kar a sayi layi a hannun wanda ya tare ka a bakin titi ya ce an riga an yi rajista, ba ka san da sunan wa aka yi ba, ba ka san me aka aikata da lambar ba kafin ta zo hannunka, kuma rana ɗaya za a iya rufe ta ba ka da bakin magana. Haka nan kar ka ba wani fasfonka ya je ya yi maka rajista, don wasu da fasfo ɗaya suke buɗe layuka da yawa su sayar wa wasu.

Ga kuma sabon tsarin nan na i-sim, wanda babu katin da za a zura, a cikin wayar yake, hoton lamba kawai ake turo maka ka haska da kyamara layi ya hau. Amfaninsa kana gida za ka saya ka saka, kana sauka ka kunna ya kama, ba tsayawa bin layi a filin jirgi ba neman allurar buɗe waya. iPhone ya fara ɗauka tun daga XS da XR na 2018, manyan Samsung da Pixel ma suna ɗauka, amma ƙananan wayoyi da yawa ba sa yi, in ka danna *#06# ka ga wata doguwar lamba mai suna EID toh taka tana yi. Abu biyu a sani, yawancin i-sim na matafiya data ce zalla babu lambar kira, sannan sai da intanet ake saka shi, don haka a saka tun a gida. Wani abin lura kuma, iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin sim kwata-kwata tun 2022, mai irin wannan wayar in ya je ƙasar da kamfanoninta ba sa ba baƙo i-sim zai sha wahala. Sannan wayar da aka saya bashi a hannun kamfanin sadarwa a Turai ko Amurka sau da yawa a kulle take, ba ta karɓar layin kowa sai nasu, a gwada saka layin wani kamfani tun kafin ranar tafiya a gani.

Maganar WhatsApp sai na tsaya a kanta domin nan ne ake yawan ɓarna. In ka saka sabon sim, WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka, ba ruwansa da sim ɗin da ke ciki muddin akwai intanet. Ba sai ka canza lamba ba, ba sai ka goge ka sake saukewa ba. Amma sai ka ga mai shagon da ya sayar da layin, ko wani ɗan tafiya mai ganin ya iya, ya karɓi wayar tsohuwa ya mayar mata da WhatsApp kan lambar da za ta mutu bayan wata ɗaya, 'ya'yanta a gida suna ta turo saƙo tsohuwar lamba shiru, hankalin kowa ya tashi, in ta dawo kuma sabuwar lambar ta zama ta wani a wata ƙasa. A bar shi yadda yake. Abin da ya kamata a yi shi ne a shiga setin ɗinsa a saka lambar sirri mai guda 6 ta tabbaci na biyu, a haɗa da imel, ta yadda ko wani ya samu sim ɗinka ba zai iya ɗauke akawun ɗin cikin sauƙi ba.

Sai masu ƙaramar waya mai madannai, wadda iyayenmu suka fi so saboda batir ɗinta na daɗewa kuma ba ta da rikici. Yawancinsu 2G kawai suke kamawa, ƙasashe kuwa suna ta rufe 2G da 3G don su ba 4G da 5G wuri. Singafo ta rufe 2G tun 2017, Ostireliya ta gama rufe nata a 2018 sannan ta rufe 3G a 2024, kamfanin AT&T na Amurka ya rufe 2G a 2017 ya bi da 3G a 2022, Japan da Koriya ta Kudu kuwa dama can ba su taɓa amfani da GSM na 2G ba. In ka shiga irin waɗannan wurare da ƙaramar waya ko sanda ɗaya ta sabis ba za ka gani ba, kuma ba lalacewa ta yi ba. Duk mai shirya wa mahaifi ko mahaifiya tafiya ya bincika wannan, in ta kama a sama musu babbar waya toh a sama da wuri su saba da ita, kar a miƙa musu ranar tafiya a bakin mota.

Kowace ƙasa kuma da abin da ta toshe. A Sin, Google da Gmail da YouTube da Facebook da WhatsApp duk ba sa buɗewa da layin ƙasar ko waifai ɗin otal, su WeChat da Alipay ne rayuwarsu, har biyan kuɗin tasi da su ake yi, ɗan kasuwar da zai je birnin Guwanzu gara ya sauke su ya buɗe akawun tun yana gida lokacin da lambar tabbaci za ta same shi cikin sauƙi. A nan ne ma data romin ke da rana, domin intanet ɗin mai romin ta ƙasar da ta ba shi sim take zagayawa, shi ya sa galibi yake iya buɗe abin da aka toshe wa 'yan ƙasa. A Dubai da sauran Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp na tafiya amma kiransa ba ya shiga, da manhajoji masu lasisi irin su Botim ake kira, sai a sa iyali a gida su ma su sauke kafin a tafi. Turkiyya kuma ita kanta wayar take bi, in baƙuwar waya ta yi kwana 120 tana aiki da layin ƙasar ba a yi mata rajista an biya haraji ba sai a toshe ta, ɗalibai da yawa ba sa sanin haka sai abin ya same su. Masu cewa ai VPN, manhajar nan da ake zagaye toshewar intanet da ita, na maganin komai, a yi hattara, a wasu ƙasashen doka tana da magana a kansa, baƙo kuwa ba shi da gatan da zai yi wasa da dokar ƙasar mutane. Haka ɗaukar hoto, mu mun saba ɗaga waya a ko'ina, amma ɗaukar sojoji ko 'yan sanda ko wajen binciken fasfo na iya sa a tsare mutum, a Daular Larabawa ma ɗaukar mutum hoto ba da izininsa ba laifi ne da ake hukunci a kai.

Caji ba zan ja shi da tsawo ba. Bakin soket ya bambanta, Ingila da Saudiyya da Dubai da Malesiya mai ƙafa uku ne, yawancin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu, Amurka da Japan mai ƙafa biyu masu faɗi, adafta ɗaya mai haɗa duka ta wadatar. Wutar Amurka 120 ce, ta Japan 100, ta Turai 230, amma cajar waya in ka duba jikinta ka ga an rubuta 100 zuwa 240 toh ko'ina za ta yi. Fawa bank kuwa a jakar hannu ake sa shi, an hana sa shi cikin kayan da za a zuba a ƙasan jirgi saboda batirin litiyam na iya kama wuta, kuma iyakar da aka yarda ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh, mai 20,000 ba shi da matsala. A 2025 ma kamfanoni irin su Singapore Airlines da Emirates sun hana yin caji da shi a cikin jirgi, ka riƙe shi dai amma kar ka jona.

Waifai na kyauta a filin jirgi da otal yana taimako sosai, musamman a sa'ar farko da mutum ke son cewa na sauka lafiya, amma ɓarayi na iya buɗe nasu da suna mai kama da na wurin, don haka a tambayi ma'aikaci ainihin sunan, harkar banki kuma a bari sai da datar sim. Kafin a tashi a sauke taswirar garin da za a je a Google Maps, domin GPS ba ya buƙatar data, ko babu layi zai nuna maka inda kake tsaye. A sauke harshen ƙasar a Google Translate, a ɗauki hoton fasfo da biza da tikiti da adireshin masauki. A gyara lambobin da ke cikin waya su fara da alamar + da lambar ƙasa, a cire sifirin farko, in ba haka ba kana iya buga lambar ɗanka ta faɗa gidan wani a ƙasar da kake. A san lambar gaggawa, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka da Kanada. Sannan dan girman Allah a rubuta lambobi uku ko huɗu a takarda a sa cikin fasfo, tare da lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai guda 15 da ke fitowa in an danna *#06# ɗin nan, saboda in an sace waya 'yan sanda ita za su fara tambaya, kuma yau mutum nawa ne ya haddace lambar matarsa ko ta ɗansa? In waya ta faɗi a ƙasar da ba ka san kowa ba kuma babu lamba ko ɗaya a kanka, ko wani ya tausaya ya ara maka tasa ba ka da wanda za ka kira.

Malam Edita, ban ɗora wa matafiyi laifin duka ba. Kamfanonin sadarwa suna da babban kaso, domin sun san farashin romin sarai amma sai su ɓoye shi can cikin shafinsu da ƙananan rubutu da Turancin da ko mai digiri sai ya karanta sau biyu. Kuma an ga inda hukuma ta tsaya aka gyara. Tarayyar Turai tun 15 ga Yuni 2017 ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta, mai layin Faransa in ya shiga Jamus ko Italiya da farashin gida zai yi waya, a 2022 kuma suka ƙara wa dokar shekara goma zuwa 2032. Norwe da Aisland suna ciki, Suwizalan ba ta ciki, Ingila kuwa bayan ta fice wasu kamfanoninta suka dawo da cajin a 2022, wanda ya nuna in ba doka ce ta riƙe su ba da kansu ba za su bari ba. Wannan ma dabara ce ga mai zagaya Turai, layi ɗaya da ya saya a ƙasar farko galibi zai bi shi sauran, a dai tambaya wajen saye ko yana da romin. Abin da ya fi burge ni a dokarsu shi ne dole kamfani ya turo maka tes da farashi da zarar ka tsallaka iyaka, kuma in kuɗin data romin ya kai Yuro 50 dole a dakatar sai ka ce a ci gaba. A gabashin Afirka ma Kenya da Ruwanda da Yuganda da Sudan ta Kudu sun haɗa tsarin sauƙaƙa romin da aka fara a 2014, ECOWAS ta amince da nata a 2017, sai dai aiwatarwar a hankali take tafiya, Ghana da Kwaddibuwa suka fara tsakaninsu a 2023.

Toh me zai hana ko'ina a yi haka? Tes ɗaya ne fa, da harshen da mai layin yake ji, a ce masa amsa kira kaza ne a minti, data kaza ce, in kana so ka kashe danna kaza. Da wannan kaɗai an rage hawaye masu yawa. Bankuna su ma su riƙa tambayar mai shirin tafiya ko yana so a ƙara masa wata hanyar karɓar lambar tabbaci, ta imel ko ta manhaja, maimakon a rataya komai a wuyan sim ɗaya. Ejan-ejan masu shirya tafiya kuma, waɗanda ke karɓar kuɗin mutane su haɗa biza da tikiti da masauki, su ƙara minti goma su zauna da matafiyi a duba wayarsa, musamman tsofaffi da mata masu fita karon farko, ai ba wani abu zai rage musu ba.

Ku ma 'yan jarida ina roƙonku, Malam Edita, ku tura wakilinku ya je ofisoshin kamfanonin waya ya tambayo farashin romin na ƙasashen da masu karatunku suka fi zuwa, da yadda ake kunnawa da kashewa, da tsawon lokacin da layi ke yi ba a amfani da shi kafin a sayar wa wani, ku buga mana shi da Hausa a shafi guda wanda mutum zai iya yankewa ya sa a jaka ko ya ɗauki hotonsa ya tura wa ɗan uwansa. In da hali a riƙa sabunta shi duk shekara tunda farashin na canzawa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara basira, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Wassalam,
Naka, mai karanta jaridarku a kullum.